Duro Uku a Bayan Tukunyar Tururi

Rabin jikina yana cikin murhu, rabi yana waje, na ji Hajiya a bayana tana tambayar Baba ko ya tabbata wutar ta mutu, don ita ba ta san abin da za ta gaya wa uwata ba in aka gasa mata ɗiya a Damargu. Baba ya ce kwana uku ke nan rabon tukunyar da wuta, ko ƙwai aka ajiye a ciki ba zai san an yi ba. Na ja ƙafafuna na ƙarasa shiga, na kunna fitilar waya, toka ta tashi ta cika mini hanci. Atishawa huɗu na yi a jere. Matan da ke zaune a bakin ƙofar uzin, wato masana'antar, suna jiran tunkuza suka amsa mini da dariya.

Aikina ke nan, duba tukunyar tururi. Mu a wurin aiki shodiyer muke ce mata. Ni da maigidana na wurin aiki ne a ɗan kamfaninmu na Zinder, amma shi tun da tumbi ya fito masa ƙofar murhu ta daina karɓarsa. Duk inda ake shiga da rarrafe ni ce, shi yana biro, wato ofis, yana ba ni umarni ta waya. Wannan karon ko rakiya bai yi mini ba. Ya sa ni a motar Tanut da jaka da guduma, ya ce in gaida Hajiya.

Hajiya ita ce mai uzin ɗin man gyaɗa da ke bayan Tanut, in ka ɗauki hanyar Gangara. Marigayi mijinta ne ya kawo tukunyar tun ba a haife ni ba, kuma ko a lokacin ba sabuwa ba ce, a wani wuri ta gama aiki aka kwance ta aka ɗoro a mota. Tururinta ne ke turara gyaɗa kafin a matse mai, ɓawon gyaɗar kuma shi ake hura mata. Baba ne mai hura wutar. Ma'aikata sun ce tare suka zo da tukunyar, kuma har yau ba a gano wanda ya girmi wani ba.

Cikin wata biyar bututu ya fashe sau uku, na ukun ana tsakar kakar gyaɗa, buhuna sun taru har rufin sito. Kafin in iso Hajiya ta riga ta yanke hukunci. Ta shigar da ni biro, ta rufe ƙofa, ta turo mini kwanon fura, ta ce ita ta san ciwon: tsohon nan ne da kanwarsa. Kullum da safe sai ya jiƙa kanwa a ƙwarya ya zuba a tankin ruwa kamar mai shirin dafa wake. Abin da ke narkar da wake me zai hana shi cin ƙarfe? Ga tsufa kuma, wa ya sani ko gyangyaɗi yake yi a bakin wuta. Ta ce ta riga ta yi magana da wani mai takardar lakwal, ɗan boko a Zinder, da zai karɓi aikin. Abin da take so daga gare ni kawai in rubuta a rapor, rahoton aikina, don ba za ta iya kallon idon mutumin da ya yi wa mijinta aiki ta ce masa ya tafi ba, sai da takarda a hannu.

Baba bai ji wannan maganar ba, amma ya sani. Na ga ya wanke ƙwaryarsa da ludayinsa, ya ɗaure su a leda ya rataye a ƙusa kusa da ƙofa, kamar mai jiran mota.

Da wannan na shiga murhun.

Bari in kwatanta muku cikin tukunyar, don ba kowa ya taɓa shiga ba, kuma ban ba kowa shawarar ya shiga ba. Ganga ce ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, bututai sun haɗa su a jere kamar haƙarƙarin sa. Ruwa yana cikin bututu, wuta tana waje tana lasarsa. Muddin ruwa na taɓa ƙarfen daga ciki, wuta ba ta iya masa komai. Ranar da wani abu ya shiga tsakaninsu, ƙarfe ya fara laushi, tururi ya tura shi waje.

Na fara da guduma, kamar yadda aka koya mini. Bututu mai lafiya in ka ƙwanƙwasa shi amsawa yake yi da zaƙi. Waɗannan kuwa ɗib, ɗib, kamar kana bugun buhun gari. Na bi su da tafin hannu daga sama zuwa ƙasa. A jeren da ke fuskantar wuta na ji kumburi biyar, kowane kamar rabin goriba. Na zana musu alli. Sai na zo kan wanda ya fashe.

Fashewar bututu tana da baki, kuma bakin nan shi ke ba da labari. In leɓen ya yi siriri kamar wuƙa, ya buɗe wangwam, to ruwa ne ya ƙare farat ɗaya, wato mai wuta ya yi barci ko ya manta. In ƙarfen ya yi sulɓi yana ƙyalli daga waje, rairayin da ke cikin ɓawo ne ya goge shi a hankali. In kuwa leɓen yana da kauri, ga ƴan tsage-tsage a gefe kamar faso a diddige, to ya daɗe yana shan zafi, wata da watanni, wani abu ya raba shi da ruwa.

Na haska. In siriri ne, ba ni da yadda zan yi, rubutawa zan yi. Na sa yatsa. Kauri gare shi, ga faso ko'ina.

Ni kaɗai a cikin toka na yi ƴar rawar kafaɗa. Ban san tsohon ba sai jiya, amma jiyan da na sauka daga mota shi ne ya karɓi jakata, ya kira ni ƴata, ya tambaye ni ko na yi salla kafin ya tambaye ni ko na iya aiki. Aƙalla dai gyangyaɗi ya fita daga lissafi. Saura kanwa.

Na fito kamar an tono ni daga toka. Wata cikin matan, mai suyar ƙuli-ƙuli ce ƙatuwa mai wushirya, ta ce yanzu kam na zama ƴar Damargu, saura a nemo mini miji. Na ce ta fara nemo mini ruwan wanke fuska. Ta kawo mini a moɗa, rabi, kuma ta tsaya a kaina da kwano tana tarar wanda ke zuba daga haɓata, ta kai wa akuyarta. Na lura da abin, na yi murmushi, ban ɗauke shi komai ba.

Aka kira mai walda daga Tanut ya yanko mini bututun da ya fashe, da kuma ɗaya daga cikin sababbin da aka sa a fashewar farko. Na sa ya tsaga su biyu a tsaye. Ciki duk ƙanzo ne, irin wanda ke kama gindin tukunyar tuwo, sai dai wannan fari ne mai tauri kamar siminti, kaurinsa ya kai rabin ɗan yatsana. Shi ne ya shiga tsakanin ƙarfe da ruwa. Na ɓamɓare shi da kurfi na duba ƙarfen da ke ƙarƙashi. Sumul. Babu rami, babu alamar wani abu ya ci shi.

Abin da ya tsayar da ni shi ne sabon bututun. Wata biyar kacal da sa shi, amma ƙanzonsa daidai yake da na tsohon bututun da ya shekara talatin a wurin. Na jera su a kan benci ina kallo. In kanwar Baba ce ke kawo wannan, da tsohon bututun ya toshe tun ina goye. Wani abu ne ya canja kwanan nan.

Na koma gindin bishiyar bedi inda ake samun rezon waya na kira maigidana. Na gaya masa zancen kanwa, ina ɗan dariya, don gaskiya ni ma da na ji abin na raina shi. Ya ce in daina dariya. Farin garin nan da muke sayarwa a buhu mai rubutun Faransanci, na san da me aka yi shi? Ƙanwar kanwa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Aikinta ta hana dattin ruwa mannewa a ƙarfe, ta mai da shi laka ya kwanta a gangar ƙasa. Amma fa lakar dole a fitar da ita kullum, in ba haka ba an yi aikin banza. Ya ce in je in tambayi tsohon ko yana buɗe famfon ƙasa da ake fitar da lakar, kuma in sayo masa cuku in zan dawo.

Na sami Baba zaune a kan buhun ɓawo yana jan carbi. Na durƙusa na tambaye shi a hankali, don na san tambayar tana da ciwo. Ya dube ni kamar na tambaye shi ko yana alwala. Ya ce tun ranar da aka kunna tukunyar nan bai taɓa fashin buɗe famfon ƙasa ba. In ya dawo daga masallaci da safe, shi ne farkon abin da hannunsa ke taɓawa. Yana ƙirga Ƙulhuwallahu bakwai, ya rufe. Da la'asar ma haka.

Na tambaye shi ko an canja ruwa. Ya ce foraj ɗin nan dai ne, rijiyar burtsatse ta bayan katanga. Ko an canja kanwa? Ya ce wurin mutum ɗaya yake saye a kasuwar Belbeji, ludayi biyu, ba ƙari ba ragi. To ruwan da yake fitarwa, ina yake zuwa?

Ya duba carbinsa, ya duba ƙofar biro, ya ce, "Zagaya baya ki gani, ƴata. Ni ban ce komai ba."

Na zagaya. Kowace tukunya tana da rami a baya inda ruwan ƙasan ke zuba, kuma ramin ba ya ɓuya: jiƙe yake kullum, gefensa fari fat da gishiri, ga wari kamar na toka. Na sami ramin. Busasshe ƙayau, kaza ma ta yi ƙwai biyu a ciki. Bututun da ya kamata ya zuba a ramin an ƙara masa tiyo an karkata shi. Na bi tiyon. Ya kai ni ga duro uku a jere a kan bulo, an shafe su da shuɗin fenti, kowane da murfinsa, an share gindinsu tas. Daga na ukun wani tiyo ya fita, ya hau, ya koma cikin tankin da tukunya ke sha.

Ina tsaye baki buɗe Hajiya ta iso, mayafi a kafaɗa, fuska cike da fara'a. Ta ce ashe na ga aikinta. Ta ce wannan ba injiniya ba ne ya yi, ita ce da kanta, kuma in ina so in ɗauki hoto in kai wa mutanen Zinder su koya.

Ta ba ni labarin tun daga farko. A bazarar da ta wuce ruwan foraj ya ja baya. Wata safiya ta fito ta ga makiyaya sun yi layi a bakin katanga da jarkoki, sun taho tun daga wajen Tenhiya, ga shi a daidai lokacin Baba ya buɗe famfonsa ruwa na malala a rairayi yana tururi. Ta ce wani dattijo cikinsu kallon ruwan kawai ya yi, ya kalle ta. Ranar ba ta iya cin abinci ba. Ita da aka haifa a garin da raƙumi ke jan guga ya yi tafiya har ya ƙanƙance kafin ruwa ya iso bakin rijiya, ita ce yau ake zubar da ruwa a gidanta sau biyu a yini? Washegari ta sa aka kawo duro. A na farko ruwan ya kwana, laka ta kwanta. A tace da farin ƙyalle zuwa na biyu, kamar ana tace gasara. A sake tacewa zuwa na uku. Ta ɗebo mini a kofin gilas ta ɗaga shi a rana.

Garau yake. Wallahi ya fi ruwan famfon gidanmu kyan gani.

Na tsoma yatsa na taɓa a harshe. Ɗaci da gishiri, ga santsi kamar ruwan sabulu. Na zaro ɗan ma'aunina mai kamar alƙalami na tsoma, lambobi suka hau har suka ƙure. Na fara yi mata bayani cewa ƙyalle laka kawai yake kamawa, abin da ya narke a ruwa wucewa yake yi, kuma tukunya tururi kawai take fitarwa, gishirin yana nan, kullum ana mayar mata da abin da ta amayar. Hajiya ta ce wannan ɗan abin nawa batir ɗinsa ne ya yi sanyi. Ido ba ya ƙarya, ga ruwa nan kamar hawaye. In dai kunyar tsohon nake ji, in faɗa mata kawai, ba sai na ɗora wa durorinta ba.

Gaskiya na ɗan rikice. Ni baƙuwa ce, ƴar cikinta ce a shekaru, ita ta kira mu aikin, kuma ga shi zan ce mata ita ce ta fasa tukunyarta da hannunta. In na yi shiru kuma, leda na rataye a ƙusa. Na ce to ta ba ni murfin kwano biyu da ɗan garwashi, mu shiga bayan biro mu biyu in nuna mata wani abu. Nufina a yi abin a rufe.

Ita ce ta ƙi. Ta tabbata da ruwanta, sai ta ɗaga murya ta ce kowa ya zo ya ga ƴar Zinder za ta dafa ruwa. Kafin in ce wani abu an kewaye mu: masu matsa, masu ɗaukar buhu, mai walda, matan tunkuza da kwanoninsu. Mai ƙuli-ƙuli ta jawo murhunta na garwashi har gabanmu, ta ce in ruwan ya nuna a sa mata nata a leda. Baba kaɗai ne bai taso ba.

Na ɗora murafan biyu. A ɗaya na zuba ludayi guda na ruwan foraj, a ɗaya ludayi guda na duro na uku. Na ce Hajiya ta ɗebo da hannunta don kada a ce na yi wani abu. Muka tsaya. Ba abin da ya kai jiran ruwa ya ƙone tsawo in mutum talatin na kallonka. Wani ya tambaya ko a lakwal ɗinmu shekara nawa ake yi kafin a kai darasin tafasa ruwa. Na ce uku, na huɗu a koyi saukewa.

Na foraj ya ƙafe ya bar ɗan zobe fari, sai ka karkata murfin kake ganinsa. Na duro ya yi kumfa, ya yi ƙara, ya ƙafe ya bar ɓawo fari kamar an shafa farar ƙasa. Na sauke, na jira ya huce, na miƙa mata. Na ɗauko tsagin bututun na ajiye a gefensa.

Hajiya ta kankare ɓawon da farce. Ta murza a yatsu. Ta kankari na bututun, ta murza. Ta dubi durorinta masu shuɗin fenti, ta daɗe tana kallonsu.

Sai kafaɗunta suka fara rawa. Na ɗauka kuka ne, na tsorata. Ashe dariya ce. Ta yi dariya har ta dafa mai ƙuli-ƙuli, har ta share ido da bakin mayafi.

"Ashe ni ce," ta ce. "Wata bakwai ina ba tukunyar amanta tana sha, ina tacewa da ƙyallen da na sayo sabo. Har fenti na saya."

Da aka ga ta yi, kowa ya saki tasa. Mai walda ya ce shi dai ba shi da ƙorafi, durorin nan sun ciyar da gidansa sau uku.

Ta riƙe murfin a hannu ta nufi inda Baba yake, muka bi ta a baya. Ta tsaya a gabansa, ta ɗan rusuna, abin da ma'aikata suka ce ba su taɓa gani ba.

"Malam, ka san da wannan?"

Ya ce bai san sunan abin ba, amma kunnensa ya gaya masa muryar tukunyar ta canja tun kafin fashewar farko. Ya ce ai ya taɓa faɗa mata sau ɗaya, ta ɗaga masa kofi a rana, shi kuma ba shi da amsar kofi.

"To me ya hana ka nacewa? Ka ga ina shirin..." Ba ta ƙarasa ba.

"Hajiya," ya ce, "shekara talatin in na buɗe famfon nan kau da kai nake yi, don kada in ga ruwan yana bin rairayi. Da kika kawo durorin nan, ni ma daɗi na ji."

Ta ce ya yafe mata. Ya ce ba komai, Allah ya yafe mu duka. Ta miƙa hannu da kanta ta sauko da ledar daga ƙusa, ta kwance, ta ba shi ƙwaryarsa da ludayinsa, ta ce wannan ba wurin ajiyarsu ba ne. A gabanmu ta kira mai takardar lakwal ɗin nan ta ce masa an fasa, Allah ya ba shi wani.

Na ɗauka an gama, ashe da sauran rigima. Da na ce a cire tiyo a mayar da ruwan rami, Hajiya ta ce sam. Ta yarda ba zai koma tukunya ba, amma ba za a zubar ba, ko da rapor ɗina zai kai shafi ɗari. Na ce ba a sha, ba a ba dabba, ko shuka aka zuba wa ƙonewa za ta yi. Ta ce to in zauna in yi tunani, ai don haka aka yi mini lakwal. Muna cikin haka mai ƙuli-ƙuli, wadda tun ɗazu hannunta ke cikin duro tana murza yatsu, ta ce ita fa wannan santsin ta san shi. Ta cire ƙyallen da take goge hannu da shi, wanda mai ya mayar baƙi ƙirin, ta cuɗa a ciki. Ruwan ya yi fari, ƙyallen ya fara tuna launinsa. A uzin ɗin mai abin wanki ba ya ƙarewa: buhuna, ƙyallayen tace mai, rigunan masu matsa, daɓen ƙasa. Aka tsaya a kan haka. Na kafa sharaɗi sai ya huce kafin a taɓa, kuma a rubuta a jikin duro cewa ba na sha ba ne. Na tuna wa Hajiya cewa bayan wankin ma a ƙasa zai ƙare. Ta ce e, amma ya yi aiki biyu kafin ya tafi, wannan za ta iya kallonsa.

Kwana tara na yi a wurin. Muka canja bututai shida, sauran muka bi su ɗaya bayan ɗaya da burushin ƙarfe a bakin sanda. Daga gangar ƙasa muka kwashe laka baro huɗu, Hajiya na tsaye tana cewa duk nata ne, a yi mata a hankali. Na auna ludayin Baba na ga ya ɗan yi yawa kaɗan, muka sasanta a kan ɗaya da rabi. Na ba shi ƴan takardun gwaji masu canja launi in an tsoma a ruwa, ya adana su a cikin hularsa. Shi kuma ya koya mini jin muryar tukunya da sandar ƙarfe, baki ɗaya a jikin ganga, ɗaya a bayan kunne. Kullum da hantsi ƙuli-ƙuli mai zafi na zuwa mini a takarda, da tambayar ko na yanke shawara kan mijin.

Rana ta takwas muka cika tukunyar da ruwan sanyi, muka matsa da famfon hannu har allurar agogon awon matsi ta wuce inda take aiki, na sake rarrafawa ciki da fitila ina neman ko ɗigo ɗaya. Na bi kowane haɗi da bayan hannu. Bushe. Na leƙo kai na ce a ba Baba ashana, amma a bari in fito tukuna.

Washegari da safe ya yi bisimilla ya hura. Ba ya gaggawa, da kaɗan-kaɗan yake zuba ɓawo, yana sauraro. Wajen hantsi allura ta hau ta tsaya inda ake so. Ya ja igiyar usur, ƙarar ta tafi har cikin gari, matan bakin ƙofa suka rangaɗa guɗa, ƙamshin gyaɗa ya fara fitowa daga ɗakin matsa. Da la'asar na tsaya kusa da shi da ya buɗe famfon ƙasa. Leɓensa na motsi yana ƙirga bakwai ɗinsa, idonsa a kan tiyon har ruwan ya shiga duro. Bai kau da kai ba.

A rapor na rubuta gaskiya, layi biyu: ana mayar da ruwan ƙasa cikin tanki, an daina. Hajiya ta karanta ta ce in ƙara cewa fentin dai ya yi kyau. Ta haɗa ni da jarkar mai, Baba ya raka ni har bakin hanya da jakata a hannunsa. Cukun maigidana kuwa na manta, har yau yana yi mini gori.

Tsagin bututun nan yana kan teburina a Zinder, a cikinsa nake ajiye alƙalami. Mu ma nan mun san ranakun da famfo ke yin shiru, mun san tarar ruwan wanke shinkafa a ba shuka. In na tuna kofin nan a rana, ba na iya cewa da ni ce da ban sayo fenti ba. Ku fa, da ku ne a bakin katangar nan, ga masu jarkoki na kallonku, ga ruwa garau a hannunku, za ku iya zubar da shi?